Kafin Ka Ce Kwamfutarka Ta Tsufa, Sauke Mata Kaya Tukuna

Zangon furojet ya kama, kuma duk wanda ya leƙa ɗakunan kwana ko laburare a 'yan makonnin nan ya ji kukan da ake yi, kusan baki ɗaya: "Sistem ɗina tana hangin." Mutum ya kunna laftof, ya fita ya sayo shayi ya dawo, ba ta gama buɗewa ba. Ya danna Word, ta tsaya tana juya masa ɗan da'irar nan kamar mai neman shawara. Sufabaiza ya ce a kawo babi na uku ranar Litinin, wutar da aka kawo ba ta wuce awa biyu ba, rabinta kuma ya tafi wajen jira. Daga nan sai ka ji an yanke hukunci: ta tsufa, sai an sayi wata. To da wane kuɗin? Mafi yawanmu wadda ke hannunmu ma sai da aka sayar da buhun gero ko akuya a gida, ko wani yaya ya ɗaure ya tura kuɗi, sannan ta samu.

Ni ɗan Gwiwa ne, ina shekarar ƙarshe ta difloma a fannin kwamfuta a nan Kazaure. Watanni huɗun da na yi na SIWES a shagon gyaran kwamfuta na yi su, idan an yi hutu kuma ina zama a wani shagon buga takardu a garinmu, inda mutanen Korayel da Buntusu da Dabi ke zuwa a cike musu fom ko a fitar musu da takarda. Abin da na gani a wuraren nan biyu shi ne, da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kawowa da sunan sun mutu lafiyarsu ƙalau. Kaya ne aka lafta musu fiye da ƙarfinsu, kamar jakin da aka ɗora wa mangala uku sannan ake zaginsa da rashin sauri.

Kuma mun san daga inda kayan ke fitowa. Ka je Kano, Beirut Road ko Farm Centre, ka sayi HP ko Dell ta gwanjo, ka ce wa mai shago, "Oga, a cika min ita da komai." Shi kuwa ya cika. Yana da faifai guda da yake juye wa kowa, ɗalibin akanta ne ko na injiniya ko mai ɗinki: CorelDRAW, Photoshop, AutoCAD, birauza huɗu, na kallon bidiyo uku, antibairos biyu, wasannin mota da na ƙwallo. Ka dawo makaranta, abokai su ƙara maka nasu ta filashi. Shekara biyu ba ka cire ko ɗaya ba.

Shagon tela

Kafin a fara cire-cire, akwai abin da ya kamata a gane, domin a nan mutane ke shan wahalar banza. Cire manhaja ba shi ne ke kawo sauri kai tsaye ba. Wata za ka cire ta ka ga bambanci nan take, wata kuma ko da gigabait goma take ci, ka cire ta ba abin da zai canza sai sarari da ka samu.

Ka ɗauki kwamfuta a matsayin shagon tela. Faifan ajiya, wato hadis, shi ne sito inda ake jibge yadudduka. RAM ita ce teburin da ake shimfiɗa yadi a yanka. Furosesa kuma shi ne telan kansa. Yadin da ke kwance a sito bai hana tela aiki, sai fa in siton ya cika har ba wurin juyawa. Amma duk abin da aka ɗora kan tebur yana rage wurin aiki, kuma duk wanda ya tsaya a kan tela yana masa magana yana rage masa hankali. Manhajar da ke kwance ba ta tashi sai ka kira ta, yadin sito ce. Wadda ke tashi da kanta duk lokacin da ka kunna kwamfuta, ta ɓoye a baya tana duba intanet ko an yi sabon salo, ita ce ta hau tebur ta zauna. Waɗannan su ne abokan faɗanmu na farko.

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai RAM ɗinsu gigabait 4 ce, masu ɗan hali 8. Windows 10 kaɗai, ba ka buɗe komai ba, tana cinye kusan rabin gigabait 4 ɗin nan. Idan sauran ya cika, Windows ba ta tsayawa, sai ta riƙa kwashe abin da ke kan tebur tana kai wa sito, in an buƙata ta sake ɗebowa. In siton naka tsohon hadis ne mai faifai da allura a ciki, wannan kai-komon shi ne abin da kake gani a matsayin hangin. Fitilar hadis ta kama ba ta ƙiftawa, linzami ya ƙi motsi, kai kuma kana ta danne-danne kana ƙara mata aiki.

Don haka kada ka yi aiki da zato. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. In ya fito ɗan ƙarami ka danna More details. A shafin Processes akwai layin CPU da Memory da Disk; ka danna kan kowanne, zai jera maka manhajojin daga mai ci da yawa zuwa mai ci kaɗan. Ka yi wannan minti biyu ko uku bayan kunna kwamfuta, ba ka buɗe komai ba. Abin da ka gani a sama, alhali ba kai ka kira shi ba, ka rubuta sunansa. Sannan ka ɗauki wayarka ka auna minti nawa take ɗauka daga danna maɓallin kunnawa zuwa lokacin da Word ya buɗe har ka iya rubutu. Ka ajiye lissafin, za mu neme shi a gaba.

Wani abu kuma kafin ka taɓa komai: furojet ɗinka. Ka kwafe shi a filashi, ka kuma tura wa kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive. Wuri biyu, ba ɗaya ba. Sannan ka rubuta Create a restore point a wurin bincike na Windows, ka yi guda, ka sa masa kwanan wata. In ka cire abin da bai kamata ba, da shi za ka mayar da tsarin yadda yake. Amma ka sani shi tsarin Windows yake mayarwa, ba ya dawo da takardar da ka goge.

Masu tashi ba a tashe su ba

A cikin Task Manager ɗin ka shiga Startup, a Windows 11 kuma sunansa Startup apps. Duk abin da ke nan yana tashi tare da kwamfutarka. A gefe akwai inda aka rubuta nauyin kowanne, High ko Medium ko Low. Ka danna dama a kan wanda ba ka buƙata da sassafe ka zaɓi Disable. Wannan ba cirewa ba ne, hana shi tashi da kansa ne kawai. Duk ranar da ka neme shi yana nan. Shi ya sa na fi so a fara da nan, ba a asarar komai. Teams, Spotify, uTorrent, Adobe Creative Cloud, SHAREit, masu duba sabon salon Java da makamantansu, duk su jira sai an kira su. OneDrive ma, in ba ka ajiye komai a cikinsa, ka tsayar da shi. Abin da ya shafi sauti da allon taɓawa da tsaron Windows ka bar su.

Akwai ribar da ba a cika lissafawa ba. Waɗannan manhajojin da ke zaune a baya batir suke ci, data kuma suke sha. Tun da NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowa ya san yadda gigabait ɗaya ta koma. Ka haɗa laftof da hotsifot ɗin wayarka don ka duba abu ɗaya, kafin ka ankara an zuƙe datar, ba ka san wanda ya sha ba. Ka shiga saitin Wi-Fi, ka danna sunan hotsifot ɗinka, ka kunna Metered connection. Windows za ta rage sauke-sauken da take yi a ɓoye. A Gwiwa, inda wani lokaci sai ka kai laftof wajen mai caji ka biya, minti ashirin na batir ba abin wasa ba ne.

Yanzu sai cirewar kanta. Goge hoton manhaja daga fuskar kwamfuta ba cirewa ba ne, alamar kawai ka goge. Shiga Program Files ka goge folda kuma ya fi wannan muni, domin ka bar saiwoyinta a cikin Windows, gobe ta riƙa fito maka da saƙon kuskure, kuma ka lalata abin da zai cire ta da kyau. Hanyar ita ce Settings, sai Apps, sai Apps & features, ko Installed apps a Windows 11. Wanda ya fi son tsohuwar hanya ya danna maɓallin Windows da R ya rubuta appwiz.cpl.

Ka jera su bisa girma, ka ga manyan. Sannan ka jera su bisa kwanan wata, a nan ne abin dariyar yake: za ka ga tsibi guda duk rana ɗaya aka sa su, ranar da ka sayi kwamfutar. Kayan mai shago ke nan. Tambayar da nake yi wa kowace manhaja guda ce: na buɗe ki a zangon nan ko wanda ya wuce? In a'a, kuma ba kwas ɗin da ke gabana da zai neme ki, ki kama hanya. Birauza ɗaya ta isa, biyu in ka matsa. VLC kaɗai yana buɗe kusan kowane irin bidiyo, ba ka buƙatar wasu uku. Mai buɗe PDF ma, Edge da Chrome duk suna buɗewa.

Akwai kuma gawarwaki, manhajojin da masu su ma sun binne su amma suna nan kwance a kwamfutocinmu. Adobe ta daina kula da Flash Player a ranar 31 ga Disamba 2020. Apple ta bar QuickTime na Windows tun 2016. Microsoft ta rufe Skype a watan Mayun 2025. Manhajar da aka daina yi wa gyara, duk ɓarakar da aka gano a jikinta haka za ta zauna a buɗe. Waɗannan ko ba sa cin komai a fitar da su.

Maganar antibairos sai na ɗan daɗe a kanta, don ita ce ta fi cin mutane. Ana ganin in guda yana da kyau to biyu sun fi. Ba haka abin yake ba. Kowane cikakken antibairos yana tare duk fayil ɗin da za a buɗe ya bincike shi tukuna. In biyu ne, kowane fayil sai an caje shi sau biyu, wani lokacin ma su riƙa cajin juna, kamar shingen bincike biyu a kan titi ɗaya taku goma tsakani. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu, Microsoft Defender, kyauta, kuma yana sabunta kansa. Idan ka sa wani, Defender yakan ja gefe ya ba shi wuri. To ka duba lamarin: an sa maka na gwaji na wata ɗaya, ya ƙare tun bara, kullum yana fito maka da jan rubutu ka biya dala, RAM yana ci, kariya kuwa babu ta kirki. A ganina ɗalibi ya cire su duka ya bar Defender, ya tabbata yana samun sabuntawa. Wasunsu suna da taurin kai wajen fita, shi ya sa kamfanonin da kansu suka yi abin cire su: McAfee na da MCPR, Avast na da Avast Clear, a shafinsu ake saukewa. Na san za a tambaye ni Smadav, tunda kusan kowa na da shi saboda filashin da muke yawo da su shagunan furintin. Masu shi, 'yan Indunusiya, sun ce kariya ce ta biyu musamman don filashi, ba madadin babban antibairos ba. Ba shi da nauyi sosai. Wanda ke so ya bar shi, amma kada ya ɗauka shi kaɗai ya wadatar.

Sai masu sunan taimako: Booster, Cleaner, Optimizer, Driver Updater. Suna nuna maka cewa sun gano matsala dubu da wani abu, ka danna su gyara. Mafi yawansu su ma zama suke yi a baya suna cin abin da suka ce za su tanada maka. Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan amfani da masu share rajistar Windows. Ko sananne a cikinsu bai tsira ba: a watan Satumban 2017 aka gano cewa 'yan kutse sun cusa mugun abu a cikin CCleaner salo na 5.33, wanda ake saukewa daga shafin kamfanin kansa, kuma mutum sama da miliyan 2 suka sa shi. A 2015 ma an kama uTorrent yana shigo da wata manhaja mai suna Epic Scale, wadda ke amfani da furosesar mutane tana haƙar kuɗin intanet. Ka ga fankar laftof tana ta ihu ba ka buɗe komai ba, irin wannan na daga cikin abin da za ka zarga, musamman in ka cika ta da kirak. Kirak ɗin da ke cewa sai ka kashe antibairos kafin ya shiga, ai ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Kayan da kamfani ke sakawa tun daga masana'anta ma ba duka ne alheri ba. A watan Fabrairun 2015 aka bankaɗo cewa wasu laftof na Lenovo suna zuwa da Superfish, manhajar cusa talla da ke shiga tsakanin mutum da shafukan da ya buɗe, har da masu kulle irin na banki, ta yadda ɗan kutse zai iya bin ta wannan ƙofar. A 2017 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.5 ga jihohi 32 na Amurka. Namu na gwanjo galibi an riga an sake musu Windows kafin su iso hannunmu, don haka ba Superfish nake cewa ka je nema ba. Ina so ne a daina jin tsoron cire abu don kawai sunan HP ko Dell ko Lenovo na jikinsa.

Waɗanda ba a taɓawa

Za ka ga layi-layi na Microsoft Visual C++ Redistributable: 2008, 2010, 2012, 2013, 2015 zuwa sama, wani x86 wani x64. Ido zai ce maimaici ne, a bar sabon a cire tsofaffin. Kada ka soma. Kowace manhaja da shekarar da aka gina ta a kai. Ka cire na 2010, gobe wata ta ƙi buɗewa tana kukan ta rasa wani fayil mai ƙarewa da dll. Ba sa tashi da kansu, wurin da suke ci kuma kaɗan ne. Haka .NET. Haka direbobi: duk abin da ka ga Intel, AMD, NVIDIA, Realtek, Synaptics ko ELAN a jiki, su ne ke sa hoto da sauti da Wi-Fi da allon taɓawa su yi aiki. Ka cire na Wi-Fi, da me za ka sauke wani? In ka ga sunan da ba ka sani ba, ka bincika shi a wayarka kafin ka yanke masa hukunci. Office kuma ka yi tunani sau biyu, in ba ka da hanyar mayar da shi kada ka cire shi ana saura mako biyu difens. Wanda ya rasa, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word, sai dai tsarin shafi kan ɗan goce, ka duba kafin ka kai furintin.

Manyan manhajojin sashe su ma da tasu dabarar. 'Yan kwamfuta da ke amfani da XAMPP, in ka sa Apache da MySQL a matsayin sabis, suna tashi kullum ko kana koɗin ko kana kallon fim. Ka cire alamar a XAMPP Control Panel, ka riƙa kunna su da hannu. SQL Server ma haka, ka shiga services.msc ka mayar da shi Manual. In kuwa cire XAMPP za ka yi, ka fara kwafe foldar htdocs, ka fitar da rumbun bayananka ta phpMyAdmin, domin furojet ɗin mutum gaba ɗaya a nan yake zaune. Visual Studio ba sai ka cire shi duka ba, ka buɗe Visual Studio Installer ka danna Modify ka sauke sassan da ba ka aiki da su. MATLAB in aka sa shi da duk akwatunan kayan aikinsa yana haura gigabait 20, alhali kwas ɗinka biyu ko uku yake nema. Masu AutoCAD kuma, na sha ganin salo uku na shekaru daban-daban a kwamfuta ɗaya, kowanne da 'yan rakiyarsa. Ka tambayi malaminka wanne ake aiki da shi, ka bar shi shi kaɗai.

Bayan ka gama, ka rubuta cleanmgr, ka danna Clean up system files. A nan za ka ga ragowar sabuntawar Windows da fayilolin wucin gadi, wani lokaci da tsohuwar Windows ɗin da aka ajiye a Windows.old, gigabait masu yawa. Ka karanta kafin ka sa alama, in ka ga Downloads a jerin ka tabbata ba ka zaɓe ta ba. Ka yi ƙoƙari faifan C ya kasance da sararin da bai gaza kashi 15 cikin 100 ba. Finafinan Indiya da na Kannywood ba sa rage sauri, amma in su suka cika C har ya koma ja, a mayar da su wani faifan.

Birauza ma gari ce guda. A Chrome ka danna Shift da Esc, yana da nasa Task Manager da ke nuna abin da kowane shafi da kowane ƙari ke ci. Ƙarin da ba kai ka sa ba, ko VPN na kyauta uku da aka tara, a cire. Ka kunna Memory Saver a saitin Performance, ka kashe zaɓin da ke barin Chrome ya ci gaba da aiki a baya bayan ka rufe shi. Shafi talatin a buɗe a kan RAM 4 kuwa, wannan ba laifin kowa ba ne sai mai buɗewa.

Ga 'yan Linux

Mu da muka sa Ubuntu don kwas, matsalarmu ta ɗan bambanta. Mutum ya ji an yabi KDE Plasma ya sa, ya ji Xfce ya fi sauƙi ya ƙara, kowanne ya zo da nasa mai buɗe fayil da editan rubutu da na kiɗa. Umarnin apt list --installed zai nuna maka abin da ke ciki. Da sudo apt remove ake cire kunshi, purge kuma yana haɗawa da saitinsa na tsarin. Bayan nan sudo apt autoremove zai kwashe 'yan rakiyar da aka shigo da su don wani, wanda kuma ya riga ya tafi, sudo apt clean kuma ya share kunshin da aka sauke aka ajiye. Na Snap daban suke, snap list da snap remove. Don sanin abin da ke jan lokaci wajen tashi, systemd-analyze blame zai jera maka su.

Haɗarin yana wajen dogaron da kunshi ke yi da juna. Ka ce a cire abu ɗaya, apt ya ce to zai tafi da wasu ɗari biyu, kai kuma ka danna Y ba ka karanta ba. A 2021 Linus Sebastian, mai tashar Linus Tech Tips a YouTube, ya zo sa Steam a kan Pop!_OS. Saboda wata matsala a kunshin, apt ya gargaɗe shi cewa zai cire muhimman sassa, har ya nemi ya rubuta cikakkiyar jimla ta amincewa. Ya rubuta, fuskar kwamfutar gaba ɗaya ta tafi, ya rage baƙin allo, duniya na kallo. Saboda haka ka riƙa saka -s a umarnin tukuna, misali apt remove -s da sunan kunshin, zai nuna abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. In ka ga gnome-shell ko gdm3 ko network-manager a jerin masu tafiya, kuma ba niyyarka ke nan ba, ka tsaya. Python3 kuwa kada ka kuskura, kayan aikin Ubuntu da yawa a kansa suke tsaye. A gaskiya in kwamfutar mai rauni ce, da ka sa Ubuntu ka zauna kana fige ta, gara ka sa Lubuntu ko Xubuntu ko Linux Mint na Xfce tun farko.

Wannan ma yana da alaƙa da halin da ake ciki. Microsoft ta kawo ƙarshen kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda ga mutum ɗaya ya tsaya a Oktoban 2026. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesar Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. EliteBook 840 G3 da ta cika makarantar nan zuriya ta 6 ce. Wasu masu gyara na sa wa mutane Windows da aka yi wa aski, wai Lite, mai sauri. Saurin gaskiya ne, amma sau da yawa Defender da Windows Update na cikin abin da aka aske, kuma ba ka san wanda ya haɗa ta ba balle abin da ya ƙara. Ni ba zan shiga manhajar bankina ko fotal ɗin makaranta a kan irinta ba.

Akwai iyakar abin da cire manhaja zai yi. In ka gama duk wannan, Task Manager na nuna Disk a kashi 100 ba tare da wani ya fito fili a matsayin mai ci ba, to hadis ɗin ne ya gaza ko ya fara mutuwa, musamman in kana jin ƙas-ƙas a ciki. Tsohon hadis yana karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa in fayil ɗin a jere yake, SSD na SATA kuma wajen 500, a kan ƙananan fayiloli warwatse kuwa tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. SSD mai gigabait 256 ya fi sabuwar laftof araha sosai, kuma shi ne gyara guda da na ga yana mayar da tsohuwar kwamfuta kamar ba ita ba. In Memory ce kullum a sama da kashi 85, a ƙara RAM, bayan an duba ko akwai gurbi. Sai zafi. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, Maris da Afrilu su zo da zafin da ke haura digiri 40, laftof kuma a kan katifa. Furosesa in ya yi zafi rage gudu yake yi da kansa don kada ya ƙone. A sa ta a kan tebur ko faranti, a kai a bushe mata ƙura.

In ka zo gwada sakamako, ka zaɓi Restart, ba Shut down ba. Windows 10 da 11 na da abin da ake kira Fast Startup, wanda ke sa Shut down ya ajiye wani sashe na tsarin a faifai ya dawo da shi yadda yake, Restart ne ke tayar da komai sabo. Ka yi shi sau biyu, domin wasu manhajojin sai a tashin farko suke gama fita. Sannan ka kashe ta, ka ɗauko wayarka, ka sake aunawa daga maɓallin kunnawa zuwa buɗewar Word, ka gwada da lissafin da ka ajiye. In tazarar ba ta taka kara ta karya ba, ka koma Processes ka jera su bisa Memory da Disk, sunan da ke sama shi za ka bi.